Gaisuwar Hajiya da Akwatin Intanet

Labiba ta gama jami'a da digirin kwamfuta, amma muryarta ba ta taɓa kaiwa bakin ƙofa ba. Kawu Fataou, mai ofishin motocin Yamai a Zongo, ya ce in ta gyara musu intanet, kula da na'urorinsa ya zama aikinta.

Gano cutar intanet ɗin bai ba ta wuya ba. In ta buga lambar shafi ya buɗe, in ta buga sunansa shiru. Sashen da ke juya suna zuwa lamba ne ya shiririce. Ta gyara, akwatin intanet ya manta. Ta sake, ya sake mantawa. Manhajar cikinsa ce ta tsufa, sai an zuba sabuwa. Allo ya gargaɗe ta: kada wuta ta yanke har a gama.

Ana tsakiyar zubawa Hajiya Assétou, yayar Kawu, ta shigo. Labiba ta durƙusa.

"Ina gajiya? Ina mamarki? Kai, yarinyar nan, ji zufa!"

"Lafiya lau, Hajiya."

Hannun Hajiya ya nufi soket ɗaya tilo da ke ofishin. Labiba tana kallo. Amma wa ke katse babba a tsakiyar gaisuwa?

"Ya ƙafar babanki?"

"Da sauƙi, Hajiya."

Fit! Aka cire akwati, aka sa mata fanka. Iska mai daɗi ta buso, fitilun akwati suka mutu, mutuwar da ba tashi. Abin haushi, Labiba har da cewa ta gode.

"Injiniya, an gama?" in ji Kawu.

"An gama da shi, Kawu."

Ta hau zemijan, wato acaɓa, ta ɗauko akwatinta na gida, irinsu ɗaya, shi ma da tsohuwar manhaja. Wannan karon ta ja kujera ta tokare soket da bayanta. Zubi ya kai rabi, sai ga Hajiya da caja a hannu.

"Ɗan matsa, 'yata, in sa wayata."

"HAJIYA, KAR KI TAƁA!"

Fasinjoji suka waiwayo. Labiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta matsa ba har fitilu suka koma kore, shafin tikiti ya buɗe.

"Ashe tana magana!" in ji Hajiya.

Kawu ya share hawayen dariya. "Gobe ki zo da wuri. Kujerar ma a nan za ta zauna."