Waƙa Ta Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da biyu Malama ta yi tana koyar da nazarin waƙa a jami'a, amma littafinta na biyar ne ya fito da sunanta. Waƙa talatin ne a kan jinyar mahaifinta da rasuwarsa. Ɗalibanta har sun haddace ta goma sha bakwai, inda tsohon ya kama hannunta a gadon asibiti ya ce, "Kin dawo?" A lokacin daga wani taro a ƙasar waje ta sauka.

Ranar Asabar ta kai littafin gida. Ta iske ƙanwarta, Auta, tana guga a falo, Inna na kishingiɗe kan tabarma. Auta ta ajiye dutsen guga, ta buɗa shafi biyu uku.

"Yaya, kin iya magana wallahi," in ji ta. "Kwana huɗu kika yi a asibiti, kin samu waƙa talatin. Ni wata bakwai ina juya shi ina wanke shi, ko baiti ban tsira da shi ba."

Malama ta yi dariyar yaƙe. Inna, wadda ba ta karatun boko, ta ce a karanta mata ɗaya. Malama ta zaɓi ta goma sha bakwai, ta karanta mata.

Da ta gama, Inna ta ce:

"Ta yi daɗi, 'yar nan. Sai dai ba da ke yake ba. Auta ce ta fita karɓo magani, tun safe yake cigiyarta. Idonsa ya riga ya tafi, da ya ji hannu ya ɗauka ita ce."

"Inna, don Allah!" Auta ta ce. "Ba mun ce kada a faɗa mata ba?"

Malama ta fita ta zauna a mota, ta yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Ta kira mai ɗab'in littafin ta ce a cire waƙar, ya ce ai kwafi dubu uku sun riga sun shiga kasuwa.

Wata Asabar Malama ta dawo ba jaka ba takarda, ta tambaya ko akwai abin da za ta yi. Auta ta dube ta, ta miƙo mata abin yanke farce, ta nuna ƙafar Inna.

"A hankali, Yaya. Babban yatsan nan yana mata ciwo."