Kwalbar da Ba a Buɗe Ba

Da ta zazzage jakar 'yarta da yamma, Mai Magani ta tarar da kwalbar maganin tarin yadda ta saka ta da safe, ko murfin ba a murɗa ba. Ga kuma jan magani ya bushe a gefen bakin yarinyar, alhali nata fari ne. Shekara shida tana aiki a kantin magani, ba sai an faɗa mata ba: a gidan reno an ɗura wa 'yarta maganin wani yaro.

Ta taɓa goshinta, ta saurari numfashinta. Lafiya lau, sai ma ƙiriniya.

Yayarta ta ce, "Rubuta wa iyayen yara ta waya kowa ya gani. Gobe war haka an sallami tsohuwar nan mai renon."

Ta rubuta kuwa, layi huɗu masu zafi. Saura ta tura, sai ta tsaya. Koyarwar da ta tashi da ita a coci ba ta bar mata wurin zamewa ba: wanda ya yi maka laifi, ka fara samunsa ku biyu kaɗai, in ya ƙi ji sannan a sa wasu.

Da ta faɗa wa yayar haka, sai yayar ta ce, "Wato sai an kashe miki 'ya kina nan kina buɗe aya?"

"Ban ce zan yi shiru ba, Yaya. Da ita zan fara."

Washegari tun yara ba su iso ba ta sami Gwaggo, mai renon, tana share tabarmi. Suka gaisa, ta miƙa mata kwalbar.

"Gwaggo, karanta min sunan da ke jiki."

Gwaggo ta kai ta nesa, ta dawo da ita kusa, ta juya wajen taga. "Rubutunku na 'yan boko kamar tafiyar tururuwa."

"Da babban alƙalami na rubuta. Jiya na wani kika ba 'yata."

Gwaggo ta zauna a kan ƙaramar kujerar yara. "Tun bara idon ya yi yana, 'yata. In suka sani, kora ce. Ba coci ɗaya muke ba? Ai an ce mu yafe."

"Na yafe tun jiya. Amma yafiyata ba za ta karanta miki kwalba ba, kuma yara goma sha huɗu ne a ɗakin nan. Shugabar gidan renon nan tana zuwa ƙarfe takwas. Ke za ki faɗa da bakinki, ina tsaye a gefenki. Zan roƙa a bar miki goyo da wanka, a ɗora wa wata ba da magani. In kin ƙi, ni kaɗai zan shiga."

"Za ki makara a aiki."

"Na riga na gaya musu."

Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta jingine tsintsiyar, ta gyara ɗaurin kallabinta.

"To, riƙe min hannu. Matakalar ofishin nan ma ba na ganinta sosai."