Ramin da Ginka Ta Huda

Tsohuwa Baba Ginka ta buga ƙofar masana'antar jan bulo da sandarta har sau uku kafin Stoyko mai gadi ya leƙo.

"Kai, tsohon banza, buɗe! Ko kunnen ma ya yi ritaya?"

"Ginka, ke dai ba kya mutuwa? Wa kike nema?"

"Ɓarayi nake nema. An ce suna sama."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kore ta daga nan. Laifinta kuwa, ta huda bututun da ke fitar da zafin tanderu, ta karkato iskar cikin wata rumfa tana shanya tattasanta na hunturu. Sai ta lura ɗanyen bulon da ke jibge a gefe yana bushewa cikin kwana biyu, maimakon biyar. Don wauta ta je da murnarta ta gaya wa shugaban aiki. Washegari aka rubuta mata "maɓarnaciya" a takardar sallama, kalmar ta bi ta har kasuwa.

To, yanzu zamani ya juya. Duk masana'antar da ta tura hayaƙi sama sai ta sayi takardar izini, wadda ta rage hayaƙi kuma ta sayar da rarar takardunta. Nan da nan masu kamfani suka gano gas ɗin da suke ƙonawa don busar da bulo yana da tsada. Jiya a talabijin Ginka ta ga rumfarta, an shafe ta da fenti, wai sabuwar fasahar injiniyoyi.

A ofis ta tarar da injiniyar, Desislava, yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikarta ba.

"Ke ce mai fasahar? A ina kika samo ta, 'yar nan? A mafarki?"

Desislava ta miƙe tsaye. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wata tsohuwar takarda.

"A nan, Baba. Takardar korarki. Sun rubuta faɗin ramin, da inda kika huda, da kwanakin da bulon ya yi. Don su kama ki da laifi ba su bar komai ba. Ni bi kawai na yi."

Ginka ta zo da zagi cike da baki, sai ta rasa inda za ta sauke shi.

"Amma akwai kusurwa ɗaya da bulon ke tsagewa," in ji yarinyar. "Wata uku mun kasa gane dalili."

"Maɓarnaciya ba ta ba da shawara. A wanke ni tukuna. Kuma ni ba karatu na iya ba, kada a miƙo min takarda a ce an gama. A faɗa da baki, gaban mutane."

Da tsakar rana, ma'aikata na shan miyar wake a ɗakin cin abinci, manaja ya tsaya yana gumi, ya karanta: kamfani ya yi kuskure, Ginka Dobreva ba ta ɓata komai ba, ita ta fara gano hanyar.

"Ban ji ba," in ji Ginka. "Na tsufa."

Ya sake karantawa, da ƙarfi. Cokula suka hau bugun tebura.

Ginka ba ta yi murmushi ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta juya wajen Desislava.

"Kusurwar nan, ta wajen ƙofar arewa ce ko? Mu je. Ku da karatunku, ba wanda ya taɓa sa hannu ya ji iska."