Rago da Maraƙi a Turke Ɗaya

"Inna, mi ya kawo ragonmu gidan ga? Ba Baba ya ce ya ɓace ba?"

'Yata Larai ce ta yi tambayar da ƙarfi, a tsakiyar Talata Mafara, ranar kasuwa. Daga ƙauyenmu na gefen Birnin Tudu muka zo, an yi wa ƙaninta allura a asibiti, muna hanyar tasha ni da surukata Marka, da Taibatu, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Na matse hannun yarinyar don ta yi shiru. Amma ragonmu ne, da baƙin kunnensa, ɗaure a ƙofar gidan Malam Tukur, jami'in da ke rabon gonaki.

A shekarun nan ne katafilolin aikin dam na Bakolori suka baje gonakinmu. Ɗorawar kan iyaka ta tafi, gamba ta tafi, ba wanda ya ƙara gane gonar ubansa. Inda Malam Tukur ya nuna maka, nan ne naka. Da jira ya ishi maigidana Ɗanasabe, sai ya ja ragon Layyarmu ya kai masa. Aka ba shi fili mai kyau a bakin magudanar ruwa, sai dai ta tsakiyarsa burtali ya ratsa, hanyar da shanun Dikko, mijin Taibatu, ke bi zuwa mashaya. Maigidana ya ce hukuma ta ba shi. Dikko ya ce hukuma ta tabbatar masa hanyarsa na nan. Shanu sun riga sun taka alkamar da muka shuka a filin. Da safen nan na bar maigidana yana wasa adda, kuma na san ba don ciyawa ba ne. Samarin gari sun ce za su fita tare da shi bayan la'asar, lokacin gangarowar shanu.

Taibatu ta tsaya cak.

"Marka, maraƙin can namu na. Dubi tsagar kunnenshi. Dikko ya ce mani kura ta ɗauke shi."

Turke ɗaya suke da ragon.

"To ga gidan kurar nan," in ji Marka.

Ni da goyo a baya, tunanina mu wuce kada a ɗaure mu. Ita kuwa tsohuwar nan sai ta ƙarasa ta yi sallama. Malam Tukur ya fito, ta gaishe shi har da ya iyali, ya aiki, ya gajiya, sannan ta duƙa ta fara kwance igiya.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Baƙinmu muka zo ɗauka, sun daɗe gidanka."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Kai ne ka saida hanya guda ga mutum biyu. In 'yan sanda za ka kira, kira su, mu faɗa masu yadda bisashen ga suka zo nan."

'Yan kasuwa sun fara taruwa. Ya dubi jama'a, ya koma ciki ya turo ƙofa.

A bayan akori-kura muka dawo, da rago da maraƙi. Mun tarar an ja daga: namu da adduna a gefen alkama, su Dikko da sanduna a gaban shanu. Marka ta nufi wurinsu kai tsaye. Ta ratsa tsakaninsu, ta tuge ɗaya daga cikin turakun iyakar ɗanta, ta kafa shi a tsakiyar burtali, ta ɗaure dabbobin biyu.

"Ɗanasabe, ga ragonka da ya ɓace. Dikko, ga wanda kura ta ci. Gida guda na iske su, abinci guda suke ci. Wanda ya amshe su yana can ƙarƙashin fanka. To ku sare juna in gani."

Dikko ya daɗe yana kallon maraƙinsa. Maigidana ya sunkuyar da kai, addar ta sauka. Shi da kansa ya tuge sauran turakun ya mayar da su baya, shanu suka wuce ta kan alkamar da muka sha wahalar shukawa.

Shekarar nan rumbunmu bai cika ba, na riƙa auna tuwo da dabara. Malam Tukur kuwa an yi masa canjin wurin aiki, har da ƙarin girma aka ce. Amma 'ya'yana suna da uba, na Taibatu ma haka.

Kai mai karatu, ko a wace ƙasa kake, in ka ga maƙwabta sun ɗauki makami a kan hanya ko ruwa, kafin ka zaɓi gefe ka binciki wanda ya karɓa daga kowane ɓangare. Kuma kada ka ja naka ragon ka kai masa. Ba kowane gari ke da Marka ba, wutar da irin su Tukur ke kunnawa kuwa ba ta tsayawa a kan iyakar gona, ko ta ƙasa ma.