Hoton Ewald

Shekara shida da ƙarewar yaƙin duniya na biyu, ba mu san ko yayana Ewald yana raye ba. Gabas aka tura rundunarsu, daga baya aka ce mana ya ɓace. Duk jirgin ƙasan da ya kawo fursunoni daga Rasha, Mama tana tasha, ta ɗaga hotonsa sama ko wani zai gane shi. Hoton ɗaya ne tal. Sauran sun ƙone tare da gidanmu na Hamburg, kafin mu koma ƙauye.

Sai aka liƙa sanarwa a ƙofar gidan giyar Meinke. Janar Osterwald, wanda ya jagoranci rundunar su Ewald, zai zo ƙauyenmu neman ƙuri'a. Ya shiga sabuwar jam'iyyar nan da tsofaffin 'yan Nazi suka kafa.

Kawu Hinnerk, wan Mama, a rundunar ya baro hannunsa na hagu. Yana cin dankali ya ji Mama ta ce za ta je.

"Gesine, ki rufa wa kanki asiri. Mutumin da ya haye jirgin sama ya bar mu lokacin da aka yi mana ƙawanya a ƙanƙara? Sunan dokinsa zai tuna, ba na ɗanki ba."

"Yaya, shi ya ba da umarni. Dole ya san inda ya kai su."

"To, ki gaishe shi. Ki ce in ya tsinci hannuna a can, ya aiko min, ina da itacen faskare."

Ran Lahadi na raka ta. Ɗakin taron ya cika da hayaƙin taba da maza masu dogayen takalma. Janar tsoho ne, tsaf-tsaf, muryarsa kamar ta limamin coci. Ya ce ba a ci Jamus da yaƙi ba, amanarta aka ci. Ya ce sojojinsa ba su taɓa ja da baya ba. Aka yi ta buga kofuna a kan tebur. Mama ba ta saurara ba, bakinta kawai ke motsi, tana maimaita tambayarta.

Da ya gama, aka yi layi. Kowa na riƙe da ɗan katin da ake sayarwa a ƙofa, mai hoton Janar da kakinsa, shi kuma yana sa musu hannu. 'Yan badujala suka fara busa.

Aka zo kanmu. Mama ta ajiye hoton Ewald a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ɗana ne, yana cikin..."

Janar yana dariya da wani a gefensa. Bai duba ba. Ya ja alƙalami ya rattaba sunansa, tun daga kunnen Ewald har haɓa, ya turo mata.

"Matsa, Iya, kin samu naki," in ji wani saurayi mai ƙyalle a dantse. "Na gaba!"

A gida Mama ta jiƙa bakin tsumma, ta shiga goge tawadar a hankali. Tawadar ta bazu. Ta ƙara gogawa, sai takardar ta fara saɓulewa, kumatun ya tafi, rabin bakin ya bi shi. Kawu ya leƙo, ya koma ɗakinsa.

Mama ta ajiye tsumman. Ta daɗe tana kallon farin wurin.

"Traute," ta kira ni, "tabon nan da ya samu wajen faɗowa daga keke. A dama yake ko a hagu?"

Na ce a dama. Ni ma ban tabbata ba.