Mai Kaɗa Igiya

Tun da aka yanke wa Kaka yatsun ƙafa saboda ciwon suga, ba ta ƙara sauka daga benen nan ba. Gidan ɗanta Auta yana can sama, matakalar kuwa ko mai lafiya sai ya tsaya ya huta a hanya. Duniyarta ta koma falo da kicin, sai tagar da ke kallon filin da ke tsakanin gidaje.

Sai kuma jikarta, wadda take kira Takwara. Yarinyar tana aji uku, amma rigar makarantarta ta 'yan aji shida ce. In ta hawo bene sai ta zube a kujera tana haki kamar wadda aka koro. Ranar da uwarta ta kai ta asibiti, uwar ta dawo tana cewa, "Wai likita ya ce ta riƙa motsa jiki, in ba haka ba suga na nan tafe." Idonta na kan waya ta faɗi haka, babban yatsa na ta shafar gilashi. Kaka ta dubi ƙafarta. Ita ai ta san yadda yake zuwa.

Kada a ɗauki alhakinsu, iyayen suna son 'yarsu. Auta wuni yake a ofis, matarsa kuma ta waya take cinikinta. Amma abin haushi, ko an dawo gida kowa kusurwarsa yake kamawa, wuya a lanƙwashe. A wajen cin abinci ma, cokali a dama, waya a hagu. Yarinya ta yi magana, a ce mata "uhm". Ta sake, a miƙa mata tsohuwar waya da ledar biskit, shi ke nan an rabu da fitina.

Kaka ta gaji da kallo. Ta kwance igiyar shanya, ta ɗaure bakinta a mariƙin ƙofar falo, ta ja kujera ta zauna ta kama ɗaya bakin.

"Taso, Takwara, yau zan ga ko ƙafafun nan na ado ne."

Yarinya ta yi tsalle, ta harɗe, ta kwashe da dariya, ta ce a sake. Rabon Kaka da jin wannan dariyar har ta manta. Ba a daɗe ba sai ga maƙwabcin ƙasa ya hawo yana faɗa, wai silinsa zai rufto a kan jaririnsa. Uwar ta ba shi haƙuri, ta juyo ta ce, "Inna, don Allah a bari, kar a ja mana magana."

To, sai fili. Filin kuma sai da mai kaɗa igiya, ita kuwa ƙafa ta hana.

"Auta, sauka da 'yar nan ka kaɗa mata."

"To, Inna, bari in gama wannan."

Wannan ɗin kuwa ba ya ƙarewa. Ran hutun ƙarshen mako da yamma, Kaka ta lallaɓo da sandarta ta ɗora tafin hannu a kan wayarsa. Ta ce, "Dubi ƙafata. Dube ta da kyau. Haka kake so a yi wa 'yarka?" Ya dubi ƙafar. Ya miƙe ya ɗauki igiyar, ya ce wa yarinyar ta sa takalmi.

Kaka ta kafa kujera a bakin taga. Ta ga ya ɗaure igiyar a jikin ƙarfen fitila, ya fara kaɗawa. Takwara ta shiga, ta yi tsalle, ta sake. Kaka har tafi take yi ita kaɗai.

Sai ta ga hannunsa na hagu ya shiga aljihu.

"A'a, Auta. Kai, Auta!"

Igiya ta fara karkacewa, ta bugi yarinyar a ƙwauri, ta faɗi. Ta ɗago ta dubi babanta. Bai gani ba. Ta ja jiki gefe ta zauna a ƙasa tana shafa ƙafa, shi kuwa hannunsa na ta juyawa, igiya na dukan ƙasa ba kowa a ciki. Kaka ta buɗe taga ta ƙwala kira, ƙarar motoci ta haɗiye muryar. Ta lalubo 'yar wayarta ta kira shi. Ya ɗauka ya ce, "Muna yi, Inna, muna yi," ya kashe, ko waiwayowa bai yi ba. Ga shi tana gani, ba yadda za ta yi.

Da suka hawo, ya shigo yana murza kafaɗa.

"Kai, Inna, yau 'yar nan ta yi tsalle! Hannuna har ya sage."

"Sannunku da ƙoƙari," in ji uwar, ba ta ɗago ba.

Kaka ta buɗe baki za ta yi magana, sai Takwara ta zo ta ajiye mata igiyar a cinya. Ta ce a hankali, "Kaka, ki mayar da ita shanya." Sannan ta juya ta miƙa wa babanta hannu.

"Baba, ara min wayar."

Ya miƙa mata.