Jakin da Ya Halarci Kowane Taro

Shekara ashirin da 'yan kai Inoussa ya yi yana yawo da amsa-kuwwa a kan tsohuwar mota, yana yi wa 'yan takara kamfe a Agadas. Kowa ya san taron da ya ɗauka a kaset ba ya rasa jama'a. Ko mutum goma sha ɗaya suka zo, huɗu daga ciki masu tallar ruwa, in aka saka kaset ɗin a rediyo washegari sai ka rantse gari ne ya tashi.

Sirrin ba shi da yawa. Wata shekara ya je filin kokawa da rediyonsa mai kaset, ranar da ɗan gari ya kayar da baƙo, ya ɗauki ihu da tafi da guɗa na minti uku. Tun daga nan, duk jawabin da ya shigo hannunsa sai ya shimfiɗa masa wannan ihun. Aibinsa ɗaya: a tsakiyar guɗar, wani jaki da aka ɗaure bayan katanga ya yi kuka sau biyu. Inoussa bai damu ba. Tsakanin zaɓe da zaɓe shekara biyar ne, wa zai riƙe muryar jaki?

Ashe na'ura za ta riƙe. 'Yarsa Sa'adatu ta gama jami'a, wata shida tana staj, wato koyon aiki, a wani gidan rediyo, aka ba ta kwalin tsofaffin kaset ta juye cikin ordinata, wato kwamfuta: kamfen depite, na magajin gari, har da tarbar gwamnoni. Ranar Asabar za a saurare su gaban shugaban kwamitin rediyon, Alhaji Lukumanu, kuma ranar zai ce a ɗauke ta aiki ko ta koma gida.

Alhajin nan sau uku ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, sau uku ya faɗi. Abin da ya rage masa a duniyar siyasa kaset ɗin taronsa na farko ne. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin ranar da Agadas ta yi masa ihu, da yadda abokin hamayyarsa Idrissa ya sace masa ƙuri'u.

Ranar Alhamis bayan azahar Sa'adatu ta tarar da ubanta yana dafa shayi.

"Baba, jaki nawa ne a garin nan masu sha'awar siyasa?"

Hannunsa ya tsaya a kan butar.

"Na ƙirga kaset goma sha bakwai," in ji ta. "Jam'iyya huɗu, gwamna biyu. Bai taɓa fashin taro ba, kuma bai tsufa ba."

"Ki cire shi, 'yar nan. Ba kin ce na'urar tana yanka murya ba?"

"Daraktan rediyo ya ce tarihi ne, kar a taɓa ko tari. Kuma Alhaji ya haddace nasa. In jakin ya ɓata, ni zai tambaya."

Inoussa ya zuba shayin bai sha ba. Shekara huɗu na karatun 'yarsa, ga shi jakin da bai san mai shi ba zai shure su.

Ranar Asabar ya sa rawaninsa ya zauna a kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa. Aka fara da kaset ɗin Alhaji. Muryarsa ta ƙuruciya ta yi alkawarin kwalta da famfo a kowace unguwa, ihu ya tashi, jaki ya yi kuka. Alhaji ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Kun ji? Har dabbobi!"

Aka saka na tarbar wani gwamna. Ihu, guɗa, jaki. Darakta ya fara duban silin. Aka saka na Idrissa. Ihu, guɗa, jaki sau biyu. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alhaji ya buɗe ido, ya ce a maimaita. Sa'adatu ta maimaita.

"Wa ya ɗauki kaset ɗin nan?"

Inoussa ya miƙe. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Matso. Tsakanina da mutanen nan, jama'ar da muke ji, ta wa ce tun asali?"

Inoussa ya dubi ƙofa, ya dubi 'yarsa. Ya tuna taron Alhaji sarai: mutum tara, da wata tsohuwa da ta zo neman inuwar rumfa.

"Wa ke da irin wannan jama'a in ba kai ba, Alhaji? Su sauran in taronsu ya yi sanyi, sai a ɗan ara musu naka."

Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Shekara nawa ina faɗa! Ƙuri'una bai ishe shi ba, har ihuna ya ɗauka! Har jakina!" Ya juya ga darakta. "Yarinyar da ta tono wannan ba ta komawa gida. Litinin a ba ta takardarta ta aiki. Kuma a saka su a rediyo, ɗaya bayan ɗaya, gari ya ji."

A hanyar gida, sun wuce filin kokawa, Sa'adatu ta rage tafiya.

"Baba, an ce in rubuta asalin kowane kaset a jikinsa. Me zan rubuta?"

"Rubuta abin da shugaba ya ce." Ya gyara rawaninsa, bai dubi filin ba. "Sai an sa hannu a takardarki tukuna, sannan ki tambaye ni wa ya yi kaye."